Me ya sa asamble ba ta tsoron mai biyan lampo?

Rafin Aboabo yana tasowa ne daga wajen Pankrono, ya gangaro ta Moshie Zongo, ya ratsa Aboabo, ya wuce Anloga, kafin ya haɗu da Sisa a kudancin Kumasi. Kafin 2012, duk wannan tafiyar a cikin ƙasar asamble ɗaya yake yin ta (asamble ita ce majalisar gunduma a Ghana), wato KMA, asamblen birnin Kumasi. Yau sai ya taka ƙasar Old Tafo, da ta KMA, da ta Asokore Mampong, da ta Oforikrom, da ta Asokwa, kowacce da shugabanta, da injiniyanta, da kasafin kuɗinta. Ledar ruwan sha da aka jefar a Tafo da safe, da la'asar tana maƙale a ƙarƙashin gada a Aboabo. Idan ruwan Yuni ya shiga ɗakunan mutane, asambilman, wato wakilin unguwa a asamble, zai ce ba a sako kuɗi daga Accra ba. Shugaban asamble zai ce babbar kwata ta hukumar magudanan ruwa ta ƙasa ce, kwatar gefen titi kuma ta sashen hanyoyin birni ce. Injiniya zai ce bolar daga sama take zuwa, daga ƙasar da ba tasa ba. Abin haushin, babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. An gina tsarin ne yadda kowa zai faɗi gaskiya kuma a rasa wanda za a riƙe.

Mutane da yawa a zango suna ɗaukar abin a matsayin halin mutum: wannan ɓarawo ne, wancan malalaci ne, a kawo mana mai tsoron Allah. To, an sauya shugabanni sau nawa tun 1988, lokacin da dokar gwamnatin soja ta PNDC mai lamba 207 ta kafa majalisun gundumomi 110? Kukan bai sauya ba. A ganina asamble tana fuskantar inda kujerar shugabanta da kuɗin aikinta suke fitowa ne, kuma duka biyun daga Accra suke fitowa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Duk gyaran da bai juyo da kujerar da kuɗin wajen mai biyan lampo da tikitin kasuwa ba, fenti ne a kan bangon da ya riga ya tsage.

A fara da kujerar. Sashe na 243 na tsarin mulkin 1992 ya ce shugaban ƙasa ne ke naɗa shugaban asamble, bayan kashi biyu bisa uku na 'yan asamblen da suka halarci zama suka jefa ƙuri'a sun amince. A takarda wannan kamar birki ne. Amma sashe na 242 ya ba shugaban ƙasan nan ikon naɗa har kashi 30 cikin 100 na 'yan majalisar. A ɗauki misalin asamble mai mutum 60. Goma sha takwas naɗaɗɗu ne, 42 zaɓaɓɓu. Wanda aka turo yana bukatar ƙuri'a 40 idan kowa ya zo. Sha takwas suna aljihunsa tun kafin ya shigo zauren, saura 22. Yanzu a juya lissafin. Tsige shi yana bukatar kashi biyu bisa uku na dukkan 'yan majalisar, wato 40 ɗin nan dai. Idan naɗaɗɗun suka tsaya masa, sai an samu 40 daga cikin zaɓaɓɓu 42, mutum uku kawai suka ja baya magana ta mutu. Shugaban ƙasa kuwa da wasiƙa ɗaya yake sauke shi. Mutumin da ke kan wannan kujerar, idan wayar ofishin jam'iyya ta yi ƙara a daidai lokacin da tawagar matan kasuwar Asawase ke jira a ƙofa, ya san wadda zai fara amsawa. Ita kanta ranar amincewar ta zama ranar ciniki a wurare da dama. A 2021 bidiyo ya yi ta yawo na wani da aka turo a yankin Ashanti yana neman 'yan asamble su mayar masa da kuɗin da ya ce ya ba su, bayan sun ƙi shi.

An kusa taɓa wannan a 2019. An sa ranar 17 ga Disamba domin ƙuri'ar raba gardama kan sashe na 55(3), wanda ya hana jam'iyyu shiga zaɓen gundumomi, kuma akwai wani ƙuduri daban a majalisar dokoki na gyara sashe na 243(1) domin jama'a su zaɓi shugaban asamble da kansu. Ranar 1 ga Disamba Shugaba Akufo-Addo ya soke ƙuri'ar, ya ce babu haɗin kan ƙasa a kai, aka janye ƙudurin biyu tare. Nan ne aka yi asara, domin abubuwa biyu ne mabambanta. Shigar jam'iyya ita ce ke bukatar ƙuri'ar raba gardama. Zaɓen shugaban asamble kuwa majalisar dokoki tana iya zartar da shi da rinjayen kashi biyu bisa uku, ba tare da an tara ƙasa a rumfar zaɓe ba. An ɗaure akuya da saniya da igiya ɗaya, saniya ta turje, akuya ma ta kwana a nan.

Ina goyon bayan a zaɓi shugaban asamble kai tsaye, a kuma rage naɗaɗɗu sosai, a bar 'yan kujeru ga sarakuna, da mata, da masu bukata ta musamman, waɗanda ƙungiyoyinsu ne za su fitar da su. Mutanen Asawase sun fi kowa sanin dalili. Tun da aka ƙirƙiri mazaɓarsu a 2004 jam'iyyar NDC suke zaɓa, amma daga 2017 zuwa 2024 ɗan jam'iyyar NPP ne yake shugabantar Asokore Mampong. Yanzu abin ya juya kan Bantama da Nhyiaeso da Subin, inda NPP ke da rinjaye amma shugaban KMA na NDC ne. Masu adawa da zaɓen suna cewa zaɓaɓɓen shugaba daga jam'iyyar adawa zai yi wa gwamnati zagon ƙasa, kuma shi ne shugaban kwamitin tsaro na gunduma. Wannan damuwa ce ta gaske, maganinta a rubuta a doka abin da ke hannun gwamnatin tsakiya a harkar tsaro. Akwai kuma damuwar da ta shafe mu kai tsaye: a asamblen da 'yan zango suke tsiraru, kamar KMA ta yanzu, zaɓaɓɓen shugaba yana iya cin zaɓe ba tare da ya taka Moshie Zongo ba. Shi ya sa zaɓe kaɗai ba zai wadatar ba, sai an haɗa shi da ƙa'idar rabon aiki mazaɓa mazaɓa, wadda zan zo kanta.

Asambilman shi ne ya fi kowa kusa da mutane, kuma shi ne ya fi kowa rauni. Doka mai lamba 936 ta 2016 ta ɗora masa ya gana da mutanen mazaɓarsa kafin kowane zama, ya kai ra'ayinsu, ya dawo ya ba su rahoton abin da aka yanke. Zaman dole sau uku ne kawai a shekara. Ba shi da ofis, ba shi da ma'aikaci, shekaru da yawa kuɗin zama da babur ne kawai rabonsa, sai a 2025 aka fara maganar alawus na wata. Ana miƙa masa kundin kasafi mai shafuka da yawa, wani lokaci a ranar zaman, a ce ya amince. Mu kuma mun mayar da shi mai biyan kuɗin makaranta, mai belin yara a ofishin 'yan sanda, mai zuwa suna da jana'iza da ambulan. Wanda ke neman kwangilar share kwata daga hannun shugaban asamble domin ya samu abin kai wa gidan suna, ba zai tsaya a zaure ya tambayi shugaban ina kuɗin kasuwa ba. Gyaran nan ba shi da tsada: takardun zama su isa hannunsa kwana 14 kafin zama, a hana ɗan asamble da iyalinsa kwangila a asamblen da yake ciki, a kuma liƙa sunayen waɗanda suka zo zama da yadda aka yanke kowace magana. Zaɓen 'yan asamble da kwamitocin unguwa masu mutum biyar, kamar na 19 ga Disamba 2023, wajen mutum ɗaya cikin uku ne ke fitowa. Mutane ba wawaye ba ne, sun san inda iko yake.

Sai kuɗi, kuma nan ne maganar ta fi nauyi. Sashe na 252 ya ce a ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa a zuba a asusun bai-ɗaya na majalisu, wanda kowa ke kira Kwaman Fan, a biya sau huɗu a shekara. An taɓa ɗaga shi zuwa kashi 7.5, aka dawo da shi 5. A 2017 aka yi dokar da ta sa wa irin waɗannan asusun rufi, har sai da Kotun Ƙoli ta ce a 2019 ba za a yi ƙasa da abin da tsarin mulki ya tanada ba. Ko bayan hukuncin, kuɗin wata uku na farko yakan iso bayan an yi rabin shekara, na ƙarshe kuma ya tsallaka shekara mai zuwa. Kafin ya iso ma an yanke daga tushe: kwangilolin shara da feshin magani da aka ƙulla a Accra, kayan da aka sayo wa majalisu ba su nema ba, shirye-shiryen gwamnatin tsakiya. A kasafin 2025 gwamnatin Mahama ta yi alkawarin aƙalla kashi 80 cikin 100 zai riƙa zuwa hannun majalisu kai tsaye. Mataki ne mai kyau, amma alkawarin kasafi ne, kasafi na gaba yana iya share shi, kuma kuɗin yana zuwa da jerin abubuwan da aka ce a kashe shi a kai. A sa shi a doka, da ranar biya, da sharaɗin cewa duk abin da za a yanke daga tushe sai zauren asamblen ya amince a rubuce.

Jinkirin nan yana lalata aiki ta hanyar da ba kowa ke gani ba. An ba ɗan kwangila ginin aji shida a watan Maris. An ba shi kuɗin fara aiki, wanda bai kamata ya wuce kashi 15 cikin 100 ba. Ya kai gini linta, injiniya ya rubuta masa takardar shaidar aiki, babu kuɗin biya. Ya kwashe ma'aikatansa. Damina biyu ta bi ta kan bulo da rodi. Kafin kuɗi ya zo farashin siminti ya tashi, ya dawo da takardar neman ƙarin farashi, aikin ya ci kusan ninki. Ɗan kwangilar da ya san haka za ta faru tun farko yake cusa kuɗin jira a cikin farashinsa, nagari kuma ba ya neman aikin asamble sam. Sabon shugaba ya zo, ya ga ginin wanda ya gada ba zai ɗauki sunansa ba, ya fara nasa a gefe. Ƙa'ida ɗaya za ta rage wannan: kada a ba da sabuwar kwangila a wani fanni sai an biya waɗanda suka wuce rabi, kuma kada a sa hannu a kwangila sai na'urar kuɗin gwamnati ta GIFMIS ta nuna an killace kuɗinta.

Kuɗin da zai sa asamble ta juyo ta kalli unguwa shi ne wanda take tarawa da kanta, kuma kashin bayansa harajin gida. Yadda yake aiki: sashen kimanta kadara na Hukumar Filaye, ko wanda ya ba izini, yana auna gini, ya ƙiyasta abin da za a kashe a sake gina irinsa, ya cire tsufa. Doka ta ce darajar da za a sa wa haraji kada ta wuce rabin wannan kuɗin idan mai gida ne ke zaune a ciki, kada kuma ta gaza kashi 75 cikin 100 idan haya ce ko kasuwanci. Asamble ta sa ƙimar da za a ninka da ita a cikin jadawalin kuɗaɗe na shekara, a buga a gazet. A misali, gidan da darajarsa ta tsaya a sidi 200,000, idan ƙimar kashi 0.1 cikin 100 ce, harajinsa sidi 200 ne a shekara. Masallaci, coci, maƙabarta, asibitin gwamnati da makarantar jama'a ba sa biya.

Inda abin ke lalacewa wuri huɗu ne, kuma kowanne ya isa ya kashe shi. Kundin kimantawa yakan tsufa ya shekara goma ko fiye, domin asamble ce za ta biya kuɗin kimantawar, ita kuma ba ta da shi. Gidan ƙasa da aka rushe aka yi bene mai hawa huɗu da shaguna yana nan a kundi a matsayin gidan ƙasa. Sai adireshi: an ƙaddamar da GhanaPost GPS a 2017, an sa sunayen tituna, amma lambar da ke bango sau da yawa ba a haɗa ta da lambar kundin haraji ba, takarda ba ta san ƙofar da za ta je ba. Sai gidajen gado irin namu na zango, gida ɗaya ɗaki 20, magada 15, sunan kakan da ya rasu tun zamanin Acheampong ne a takarda, kowa ya ce ba shi ba ne. Na huɗu, manyan masu bashi su ne masu lambar wayar shugaba. Ana kulle shagon mai shayi saboda sidi 50, otal yana bin shekara uku ba a ce masa uffan ba. Ga kuma wani giɓi a dokar kanta: gini ake sa wa haraji, ba a sa wa fili, don haka mai fili a tsakiyar birni da ya kewaye shi yana jiran farashi ya tashi ba ya biyan komai a kansa.

A 2023 gwamnati ta ce ta gaji, ta miƙa karɓar harajin gida ga hukumar tara haraji ta ƙasa, GRA, ta wani dandali guda na intanet. Majalisu suka yi ta kukan kuɗinsu ya faɗi, aka mayar musu da aikin bayan shekara. Darasin a fili yake, cire abin daga hannun gari ba ya gyara kundin da ya tsufa. Abin da ke aiki an san shi. A ɗauki hoton gari daga sama, a zana kowane rufi, a ba shi lamba ɗaya da za ta bi shi a haraji da izinin gini da lasisin shago. Matasan unguwa da aka horar su bi gida gida da waya, su rubuta hawa nawa, bulo ne ko ƙasa, kwano ne ko kankare, zama ne ko kasuwanci, akwai titi da kwata a gabansa ko babu. A ba kowane abu maki, a fitar da haraji daga makin, a bar kimantawa mai tsada ga manyan gine-gine na Adum da Nhyiaeso da Ahodwo, inda mafi yawan kuɗin yake. A liƙa kundin a ofishin unguwa wata guda, kowa ya ga nasa da na maƙwabcinsa, ya ƙalubalanta idan an zalunce shi. Gidan gado kuma a rubuta sunan wakilin da magada suka yarda da shi, tare da bayani a rubuce cewa biyan haraji ba hujjar mallaka ba ce, domin tsoron hakan ne ke hana mutane da yawa sa sunansu. Biya ta MoMo ko banki, saƙo ya shigo waya nan take. Sannan a fara matsa wa manyan masu bashi 100 na farko, a buga sunayensu, kafin a taɓa talaka ko ɗaya.

Tikitin kasuwa da na tasha labarinsa gajere ne. Littafin rasit na takarda yana da tagwaye, ɗaya na asamble, ɗaya na aljihu. Mai karɓa a kan kamasho yakan riƙe kuɗin kwana uku yana juya shi kafin ya kai. Maganin na'urar hannu mai fitar da tikiti, kai kuɗi banki cikin awa 24, ƙirga rumfuna da tebura sau biyu a shekara domin a san abin da ya kamata ya shigo, da sauya wa masu karɓa wuri. Kejetia kaɗai tana da shaguna sama da 8,000, wanda ya san adadin rumfa ya san kuɗin rana.

Amma ba wanda zai biya da daɗin rai sai ya ga inda kuɗin ya shiga. Ƙa'idar da ake da ita ta ce a sa aƙalla kashi 20 cikin 100 na kuɗin cikin gida a ayyukan da ake gani, ragowar yakan tafi a man mota, alawus, taro da abincin taro. Haka kuma ƙananan majalisun shiyya suna da haƙƙin riƙe rabin kuɗin da aka bar musu su tara, amma sau da yawa kuɗin yana shiga babban asusu ya ƙi dawowa. Abin da nake so a mayar doka shi ne takarda ɗaya, shafi ɗaya, ga kowace mazaɓa, duk wata uku: abin da aka tara a nan, abin da aka kashe a nan, sunan kowane aiki, sunan kamfanin, kuɗin kwangila, abin da aka biya, ranar da ya kamata a gama. A liƙa ta a ƙofar makaranta da kasuwa, a karanta ta a rediyo da Twi da Hausa. A kuma tsayar cewa wani kaso na harajin gidan da aka tara a mazaɓa, ko da kashi 30 ne, a nan za a kashe shi, a aikin da taron unguwa ya zaɓa. Wannan ne kariyar tsiraru da na ambata. Kwangila kuma kada a biya kuɗin ƙarshe, ko a saki kashi 5 zuwa 10 da ake riƙewa na lokacin gyaran aibi, sai mutum biyu daga kwamitin unguwa sun sa hannu tare da injiniya cewa kwatar tana nan kuma tsawonta ya kai abin da aka rubuta. Auna kwata ba ya bukatar digiri, tef ne da ido.

Binciken kuɗi muna da shi, haƙori ne ba shi da shi. Kowace shekara Odita-Janar, babban mai binciken kuɗin gwamnati, yana fitar da rahoto kan majalisu, kuma abubuwan ba sa sauyawa: biya ba takardar shaida, kuɗin da aka karɓa ba a kai banki ba, man mota ba littafi, aikin da aka biya ba a yi ba, aikin da aka gama aka bari ba a amfani da shi. Kwamitin asusun jama'a na majalisar dokoki ya kira su a talabijin bayan shekara biyu, lokacin an yi wa akawun canjin wuri zuwa wani yanki. Sashe na 187 ya ba Odita-Janar ikon ƙin amincewa da kashe kuɗi da ɗora wa mai laifi biya daga aljihunsa. A 2017 Kotun Ƙoli, a ƙarar da ƙungiyar OccupyGhana ta shigar, ta ce yin hakan wajibi ne a kansa, kuma an ga an yi amfani da ikon a zamanin Odita-Janar Daniel Domelevo. Abin da ya rage shi ne a ɗaure shi da aikin mutum: wanda aka ɗora wa biya bai biya ba, babu ƙarin girma, babu canjin wuri, a cire daga albashi. Mai binciken cikin gida kuma, muddin wanda yake bincika ne ke sa hannu a kuɗin man motarsa, rahotonsa zai yi laushi.

Wannan ya kawo maganar ma'aikata, wadda masu kiran a yi zaɓe sukan manta. Babban daraktan gudanarwa, injiniya, mai tsara gari, jami'in kasafi, duk daga Accra ake turo su, daga can ake ɗauke su, daga can albashinsu yake fitowa. Malamai da ma'aikatan lafiya suna ƙarƙashin hukumominsu na ƙasa. Ko an zaɓi shugaba gobe, zai tarar da ofis cike da mutanen da ba zai iya ɗauka ko sallama ba. Ban ce a ba shi wuƙa da nama ba, domin zai cika ofis da 'yan kamfen. A bar ɗaukar aiki a hannun hukumar ma'aikata bisa jarrabawa, amma manyan jami'ai su sa hannu a yarjejeniyar aiki ta shekara da asamble, da ma'auni da ake ƙirgawa: kwana nawa izinin gini yake ɗauka, kwantenar bola nawa aka ɗauke a kan lokaci, kashi nawa na takardun haraji suka isa gida. Kada a ɗauke jami'i kafin shekara uku sai da dalili a rubuce. Izinin gini misali ne mai kyau. Idan takarda tana kwana wata takwas a tebur, mutum zai yi gininsa, a zo a rubuta masa jan fenti a bango, ya ba da na goro, gini ya ci gaba, wani lokaci a kan hanyar ruwa. A sa wa kowace takarda lamba da ranar shiga, a liƙa jerin a bango, jinkirin zai sami suna.

Mu koma rafin. Ƙidayar 2010 ta ba Kumasi mutum sama da miliyan 2. A ta 2021 KMA ta koma 443,981, saboda an cire Asokore Mampong a 2012, an cire Oforikrom, Kwadaso, Old Tafo, Asokwa da Suame a 2018. Accra ma haka, Nima tana Ayawaso ta Gabas, Maamobi tana Ayawaso ta Arewa, kwata ɗaya ce a tsakaninsu. Ƙasar tana da majalisu 261 yanzu. Ba na cikin masu cewa a sake haɗe su, domin ofis a Asokore Mampong ya fi kusa da mutumin Sawaba fiye da ofis a Adum. Amma kowace sabuwar asamble tana cin ginin ofis, da gidan shugaba, da motoci, daga tukunyar da ba ta ƙaru ba, kuma ruwa da bola da trotro ba su san iyaka ba. Doka ta 936 ta yarda majalisu su kafa kwamitin haɗin gwiwa. Na son rai ba ya ɗorewa, kowa zai zo taro ba wanda zai kawo kuɗi, kuma wahalar da motocin bas na Aayalolo suka sha a Accra tun 2016 ta nuna abin da ke faruwa idan hukumar haɗin gwiwa ba ta da ikon tilasta komai a kan titi. Kumasi tana bukatar hukuma ɗaya ta dole mai ayyuka uku kacal, manyan magudanai, juji da wuraren tara shara har zuwa babban jujin Oti, da hanyoyin sufuri. Shugabannin majalisun su ne majalisarta, kowace asamble ta zuba kaso bisa yawan jama'arta, a cire shi kai tsaye. Yasar rafi daga Janairu zuwa Maris, daga ƙasa zuwa sama, a kwashe yashin cikin kwana biyu, domin wanda aka tara a bakin kwata ruwan farko ne ke mayar da shi ciki. Abin da ya faru a Circle da ke Accra ranar 3 ga Yuni 2015, inda ambaliya da gobara suka kashe mutum sama da 150, a kan rafin Odaw ya faru, rafin da shi ma yake ratsa majalisu da yawa.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da ya karɓi kuɗin bola ya juye ta a rafi da dare ɗan unguwa ne, kuma idan tankas, jami'an tsabtar muhalli, suka kama shi, mu ne muke tara dattawa a je a roƙa. Mun kuma saba kai kukanmu ta hannun babban mutum, a ba mu buhun shinkafa da azumi mu yi godiya. Asusun raya zango da aka kafa a 2017 ya yi wasu ayyuka, amma ya ƙara mana ɗabi'ar kallon Accra, alhali kwatar ƙofar gida aikin asamble ce.

Akwai kayan aiki a hannu tun kafin a gyara tsarin mulki. Dokar samun bayani mai lamba 989 ta 2019 ta ba kowa damar rubuta wa jami'in bayani na asamble, kuma dole ya yanke shawara cikin kwana 14. Wasiƙar ta zama takamaimiya: kwafin kwangilar kwata kaza, jadawalin adadin kayan aiki, da takardun biyan da aka yi. A riƙe kwafi mai hatimin ranar karɓa, idan an yi shiru a ɗaukaka zuwa shugaban ma'aikatar, daga nan zuwa hukumar kula da dokar. Kowace asamble tana da kwamitin karɓar koke wanda mai jagorantar zaman majalisa yake shugabanta. Ɗan asamblen da ya ɓace kuma ana iya fara yi masa kiranye da sa hannun kashi 25 cikin 100 na masu rajista a mazaɓar. Lokacin da ya fi muhimmanci shi ne tsakiyar shekara zuwa Oktoba, sa'ad da ake zaman jadawalin kuɗaɗe da kasafin shekara mai zuwa. Ƙungiyar mahauta, da ta direbobi, da matan kasuwa, da kwamitin masallaci su tura mutum biyu biyu da suka iya karanta lissafi, ɗauke da kasafin bara a hannu, an ja layi a ƙarƙashin kowane aiki da aka rubuta wa unguwarsu, da hoton wurin yadda yake a ranar.